Firiza a Kan Ruwan Tiga: Yadda Aka Sake wa Wani Jirgin Kifi Tsarin Sola

Mai jirgin dillalin kifi ne a nan birnin Kano, kuma buƙata ɗaya ya kawo shagonmu a Sabon Gari: a sayar masa da ƙarin farantin sola guda biyu. Yana da jirgin katako mai inji a madatsar ruwan Tiga. Yaransa kan bi sansanonin masunta da shi suna sayen karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, su kwana biyu ko uku a kan ruwa kafin su fito gaɓa a loda wa mota. A cikin jirgin akwai firiza. Da rana tana aiki ras, amma kafin kiran assalatu ta ɗauke, inbata ta kama kuka. In gari ya waye kifin da ke tsakiya ya saki, wani lokacin har ya fara tashi, dole a karyar da shi ga masu banda.

Tiga ba ƙaramin ruwa ba ne. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, faɗinta kuma ya kai murabba'in kilomita 178. Wanda ya nausa can ciki ba shi da inda zai jona wuta, ba shi da inda zai sayi ƙanƙara. A da Alhajin ƙaramin janareto yake ɗora wa jirgin. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sai lissafin ya ƙi fita, domin injin jirgin kansa fetur yake sha, ga kuma janareton da ke kwana yana ruri. Shi ya sa ya koma sola, kuma ya yi ta ne kaɗan-kaɗan: yau a sayi wannan, in an samu sarari a ƙara wancan.

Ba mu sayar masa da farantin ba. Muka ce sai an ga jirgin.

Abin da aka tarar

A kan rumfar jirgin akwai faranti uku. Biyu ƙanana ne masu wat 150, su aka fara sakawa. Na ukun babba ne mai wat 300, wanda aka ƙaro daga baya da matsalar ta fara. A takarda wat 600 ke nan, kuma wannan adadin Alhaji ya riƙe a kansa. Duka ukun an haɗe su wuri guda an kai su ga wata 'yar kwantirola, wato na'urar daidaita cajin batir, nau'in PWM mai am 20, daga nan zuwa batir mai ruwa guda ɗaya, mai bolt 12 da am-awa 200.

Kwantirolar PWM ba ta juya ƙarfin wuta. Abin da take yi shi ne ta haɗa faranti da batir kai tsaye, sai batirin ya janyo farantin ƙasa zuwa nasa bolt ɗin. Ƙananan farantan an ƙera su ne su yi aiki a wajen bolt 18, saboda haka asararsu da sauƙi. Babban kuwa yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a sama da bolt 30. In aka danne shi zuwa bolt 13 da ɗoriya, am ɗinsa yana nan kusan 9, ba ya ƙaruwa. Ninka 9 da 13 da rabi, za ka samu wajen wat 120. Wato Alhaji ya biya kuɗin wat 300, yana karɓar abin da bai kai rabi ba. Kuma am ɗin faranti ukun in sun haɗu da tsakar rana ya haura 20 da aka rubuta a jikin kwantirolar, shi ya sa murfinta na roba ya yi baƙi ta gefe ɗaya.

Sai waya. Daga rumfa zuwa inda batirin yake mita 6 ne, zuwa da dawowa mita 12, an ja da siririyar waya mai milimita 2.5 irin ta soket ɗin ɗaki. Ko da jan ƙarfe ne na gaske, am 25 a kan irin wannan waya yana zubar da kusan bolt 2 a hanya. Da yaronmu ya kankare bakinta da wuƙa sai ga ciki fari fat: alminiyam ce aka yi wa fenti da jan ƙarfe, wadda ta fi hana wuta wucewa. A gidan da ke kan bolt 230, asarar bolt 2 ba a ma jin ta. A tsarin bolt 12 kuwa ita ce bambancin batirin da ya cika da wanda bai taɓa cika ba. Dalili shi ne zafi. Wat ɗin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne yana kan digiri 25. A watan Afrilu gilashin kan wuce digiri 60, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100, bolt 18 ɗin nan ya sauko wajen 16. Cire 2 na waya, saura 14. Batir mai ruwa kuwa yana son ya kai wajen 14.4 ya ɗan jima a nan kafin a ce ya ƙoshi.

Batirin kansa ya riga ya gaji. In ba a ɗora masa komai ba mita na nuna sama da bolt 12, amma da firiza ta tashi sai allura ta faɗi ƙasa da 11. Kawunansa sun yi wani gari fari-kore, an ɗaure wayoyin da hannu ba a sa takalmin ƙarfen da ake matsewa a bakin waya ba, babu fis ko guda ɗaya a duk jirgin. Jarkokin fetur kuma suna jingine da akwatinsa. Wannan ya fi komai tayar mana da hankali, tun kafin a zo maganar kifi.

Akwai kuma abin da ba mita ce ta nuna ba. Gorar da suke tura jirgi da ita a wuri mara zurfi a kan rumfa ake kwantar da ita, ta gitta faranti biyu. In sun wanke riguna a nan ake shanya. Balbelu ma sun sa hannu. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere suke, wutar ɗaya ta cikin ɗaya take bi, don haka inuwar gora guda tana iya kashe kashi ɗaya cikin uku na farantin ko fiye, ko da sauran gilashin na shan rana.

Lissafin ci da samu

Muka zauna da direban jirgin, wani dattijo da ya daɗe a ruwan, muka lissafa abin da ke cin wuta. Na yi masa da yunit, irin na mitar kati, tunda shi kowa ya sani: wat 1,000 na awa ɗaya.

Firizar ta gida ce mai lita 200, wadda sai da inbata take aiki. A irin zafin nan, da yawan buɗewa, ba ta kasa yunit 1 da rabi a yini. Inbatar ita kanta, ko ba ta ɗauke da komai, tana shan wajen wat 20 muddin tana kunne, wanda a awa 24 ya kusa rabin yunit. Ƙwai huɗu masu wat 10 na awa 6, kusan rubu'in yunit. Famfon kwashe ruwa kaɗan ne cinsa. Da na zo nan sai na ga dattijon yana kallon yaran, yaran suna kallon ruwa.

"Baba, akwai saura ne?" na tambaye shi.

"Injiniya, a gaya maka gaskiya, akwai cajin waya."

Ashe duk sansanin da suka sauka masunta kan kawo wayoyi da tocila a yi musu caji da dare, yaran na karɓar ɗan na goro. Wani daren sai a jera wajen ashirin. Alhaji bai san da wannan ba. Ba wani babban ci ba ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na yunit, amma da dare ake yin sa, lokacin da batirin ke fama da kansa.

Jimla ta haura yunit 2 da rabi a yini. Samu kuwa, in an haɗa abin da farantan ke bayarwa a zahiri, wat 340 da 'yan kai ne a mafi kyawun lokaci. Yankin Kano na samun abin da ya yi daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana, don haka ko babu ƙura babu inuwa samun bai wuce wajen yunit 2 ba. Da gora da shanya da siririyar waya, ya faɗi ƙasa da 1 da rabi. Ta ɓangaren ajiya ma haka: batir mai am-awa 200 a bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.4, amma irin mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 1.2. Cin dare kaɗai ya kai wajen 1.7. Tun yana sabo ake tatse shi kowane dare, kuma ba ya cika da rana. Batirin dalma irin wannan in ya daɗe a haka farantan cikinsa kan yi ɓawon da ba ya narkewa, shi ke nan ya tafi. Ƙara faranti biyu a kan wannan tsari tamkar ƙara ɗebo ruwa ne a zuba a randar da ke yoyo.

Gardamar firiza

Inda aka fi daɗewa ana ja da Alhaji ba kan faranti ba ne, kan aikin firizar ne. Yaran kan juye kifi kilo 40 ko 50 da ɗuminsa a cikinta lokaci guda, su rufe. Firizar gida mai lita 200 abin da take iya daskararwa a awa 24 yawanci kilo 10 zuwa 15 ne, kuma kamfanoni kan rubuta shi a takardarta. In aka labta mata ninki huɗu, kwamfiresa ba za ta huta ba, na jikin bango ya daskare, na tsakiya yana nan da zafinsa har tsawon awanni. Ko wutar gari aka ja mata har cikin ruwa, haka za ta yi.

"To Injiniya, me na saye ta ta yi min ke nan?"

"Ranka ya daɗe, ƙanƙara za ta yi maka, ta kuma tsare wadda ka sayo. Kifin ya shiga kula."

Hujjarmu ta lissafi ce. Sauko da kifi kilo 50 daga digiri 28 zuwa sifili yana narkar da ƙanƙara wajen kilo 15, a aikace kuma sai an ninka saboda zafin da ke shiga kular. Dakakkiyar ƙanƙara tana taɓa jikin kowane kifi, tana sanyaya shi da saurin da iskar firiza ba za ta iya ba. Daskarar da kifin gaba ɗaya kuwa yana cin wutar da ta ninka ta sanyayawa fiye da sau uku, alhali ba a buƙatarsa ga kayan da za su shiga kasuwa cikin kwana biyu. Shi kansa Alhaji ya yarda cewa darajar kifin dam a wurin masu sayensa ita ce ɗanye ne, in ya daskare ya yi tauri sai a fara yi masa kallon kifin kwali. Wani amfanin kuma shi ne ƙanƙara ajiyar sanyi ce da ba ta buƙatar batir: firizar da ke cike da ita tana iya kwana kwamfiresarta na tashi jefi-jefi. Sai aka tsaya a kan cewa za su riƙa tafiya da ƙanƙara daga Kano kamar da, amma ƙasa da da, firizar ta hana ta narkewa, da rana kuma ta ƙara wajen kilo 10 a cikin robobi.

Sabon tsarin

An koma bolt 24. Da an ninka bolt, am ya ragu da rabi a kan aiki iri ɗaya, asarar waya kuma ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. An sauke faranti ukun, an ɗora biyu iri ɗaya masu wat 450. Zaɓen nasu ba don girma kaɗai ba ne. Akwai masu wat 400 da ke aiki a wajen bolt 31, waɗanda in suka yi zafi sukan sauko kusa da 28, daidai inda batirin bolt 24 ke cika, sai caji ya tsaya a lokacin da rana ta fi ƙarfi. Masu wat 450 ɗin suna aiki ne a wajen bolt 41, ko sun yi zafi da sauran rata. An haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ba a jere ba, don in inuwa ta faɗa wa ɗaya kada ta ja ɗayan. A rufin gida da ba abin da ke gittawa da jere za mu yi, waya ta fi sauƙi. Jirgi kuwa juyawa yake yi, inuwar da ke hagu yanzu an jima tana dama.

Kwantirola ta zama MPPT mai am 40, wadda ke karɓar rarar bolt ta mayar da ita am. A nan sai an buɗe ido, domin kasuwa cike take da ƙananan kwantirololi da aka buga wa MPPT a goshi alhali cikinsu PWM ne. Ta gaske tana da nauyi, tana da ƙarfen fitar da zafi a baya, in ka buɗe za ka ga naɗin waya mai kauri. Ta bogi kamar fankon ashana take a hannu. Mun buɗe a gaban mai shago kafin a biya.

Batir aka sa na litiyam, nau'in LiFePO4, bolt 25.6 da am-awa 100. Yunit 2 da rabi ke nan, kusan daidai da tsohon a takarda, sai dai shi ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa, kuma rashin cika kullum ba ya lalata shi. Kafin a kai shi Tiga an cika shi a shago, aka ɗora masa kaya aka auna abin da ya fitar har ya yanke, saboda akwai masu cusa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati. Alhaji ya yi ƙorafin kuɗinsa, da gaskiyarsa, shi ne mafi tsada a duk aikin. Ni dai a ganina in da kuɗin bai kai ba, gara a rage girman firiza da a koma wa mai ruwa a cikin jirgin da ke tangaɗi yana fantsalar da asid.

An sayar da firizar gida da inbatar, aka kawo firiza mai aiki da wutar batir kai tsaye. Rabin yunit ɗin da inbata ke sha a banza ya dawo aljihu. Ƙwai suka koma masu wat 5. Cajin waya ba a hana ba, don Baba direba ya ce shi ke sa masunta su ajiye musu kifi maimakon su sayar wa wani jirgin. An yi masa allonsa daban da makunninsa, da sharaɗin da rana za a riƙa yi. Ci ya dawo wajen yunit 2, samu kuma a ranar da gari ya yi garau ya kusa 3 da rabi.

Nauyi da iska da wuta

Abin da ya raba aikin jirgi da na gida shi ne duk kilon da ka ɗora sai ka tambayi inda zai zauna. Mutanen Kano ba su manta da jirgin da ya kife a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda lodi ya yi yawa aka rasa rayuka fiye da 20, akasari yara, Allah ya jiƙansu. Tsohon batirin ya kusa kilo 60, sabon bai wuce 25 ba, an kuma zaunar da shi ƙasa a tsakiyar jirgi, a kan dakalin katako da ruwan ciki ba ya kaiwa. Farantan biyu sun kusa kilo 50 a haɗe, kuma a sama suke, inda nauyi ya fi haɗari. Don haka aka rage tsayin rumfar, aka yi firam ɗin da ƙarfe mara nauyi a wurin masu walda a nan birni, aka kai shi a mota ta hanyar Zariya. Kowane faranti ya fi mita 2 a tsayi. In iskar farkon damina ta shiga ƙarƙashinsa za ta iya kwantar da jirgi, shi ya sa aka shimfiɗa su kusan kwance, da ɗan karkata kaɗan don ruwa ya gangara. A inda muke, kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana kan bi ta saman kai ne, kwantar da faranti ba ya jawo asara mai yawa. An bar tazara tsakaninsu da rufin don iska ta ratsa ta rage musu zafi.

Jarkokin fetur sun koma baya kusa da inji, batir da kwantirola suna tsakiya a akwati mai ramukan shan iska, cikin inuwa, domin litiyam ba ya son caji in ya wuce wajen digiri 45. An sa babban fis dab da kan batirin, kowane layi kuma da nasa ƙarami. Masu jiragen yawo a teku a Turai da Amurka kan yi amfani da wayar jan ƙarfe mai rufin kuza saboda gishiri. Ruwan Tiga ba gishiri, don haka jan ƙarfe na gaske mai kauri ya wadatar, aka matse kowane baki da takalmi, aka rufe da robar da ke tsukewa in ta ji wuta, aka bi da wayoyin ta cikin bututu a jikin bango inda ƙafa da kwandon kifi ba sa kaiwa. Gora kuma aka yi mata maratayi a gefe.

Bayan an koma ruwa

Da bazara tsarin ya yi abin da aka zata. Batirin kan cika kafin azahar, sauran ranar ta tafi ga yin ƙanƙara, da asuba kuma allon kwantirola na nuna saura fiye da rabi. Ƙorafin kifi ya saki ya tsaya, ko da yake rabin wannan nasarar ta kula da dakakkiyar ƙanƙara ce, ba ta sola ba. Da hunturu ƙura kan kwanta a gilashin cikin kwana ɗaya, amma a nan jirgi ya fi gida sa'a: ruwa na gefe, yaro ya ɗebo da sassafe kafin gilashin ya yi zafi ya goge da tsumma.

Agusta ce ba a gama da ita ba. In hadari ya rufe gari, samu kan faɗo wajen yunit 2 ko ƙasa, daidai da ci, in kuma aka jera kwana uku a haka batiri ɗaya ba zai kai ba. Wutar da injin jirgi ke bayarwa 'yar kaɗan ce, ta ƙwan fitila, ba ta cajin irin wannan batir ba. Mun kawo shawara biyu: ko a ƙara batir na biyu, ko a riƙa tafiya da tsohon janareton da 'yar caja a watannin marka kawai. Alhaji ya zaɓi janareton a bana tunda yana da shi. Ita ma sabuwar firizar tana da nata: in allon lantarkin kwamfiresarta ya lalace, masu gyaran firjin da ke kusa da dam ba su saba da irinta ba, sai an ɗauko ta zuwa birni, don haka aka sayi allon guda aka ajiye a jirgin tare da fis-fis na canji.

An ba Baba direba littafi da biro, kullum da asuba da la'asar ya sa yaro ya rubuta abin da allon ya nuna da yanayin gari. In damina ta wuce za a kawo littafin shago, da shi za a yanke ko batir na biyun ya cancanci kuɗinsa.